Saƙar hular sanyi da tsinke biyu, daga awon kai har zuwa tuntu

Hular farko da na saƙa, don ƙanena na yi ta. Mako biyu ina fama, da na gama ya ɗora a kansa sai ta zubo har karan hanci. Gwaggona, wadda ita ta koya mini riƙon tsinke, ta karɓa ta juya ta, ta ce, "Kai ’yar nan, hula kika yi ko marfin tulu?" Saƙar kanta ba ta da aibi, idanun, wato ’yan zobban zaren da ake saƙawa ɗaya cikin ɗaya, sun jeru tsaf. Abin da ban yi ba shi ne awo da lissafi, kuma a wurin nan ne yawancin masu farawa suke faɗuwa. Hula tana zama daidai ko ta ɓaci tun kafin a ɗora ido na farko a kan tsinke. Shi ya sa zan ɗan daɗe a kan lissafi, ki yi haƙuri da ni.

Da "ke" zan yi magana saboda mata ne suka fi riƙe wannan saƙa a wajenmu, amma maza ma bismilla, ai tun asali maza suna saƙar tufafi. Lokacin farawa shi ne kaka, wajen Oktoba ko Nuwamba, domin kafin hunturu ya kankama a Disamba da Janairu hular tana kan mai ita.

Zare da tsinke

Abin da ake kira ulu a kasuwa, mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake cewa akirilik. Ba laifi ba ne. Ga mai koyo ma shi ya fi: yana da araha, ba ya ƙaiƙayi, yana jure wanki, kuma za ki iya warwarewa ki sake saƙawa sau uku bai lalace ba. Idan kina son ki tabbatar da abin da aka sayar miki, tsinko ɗan guntu ki kusanta shi da ashana. Akirilik yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri, da warin ƙonanniyar leda. Ulu na gaskiya warin ƙonannen gashi yake yi, ki murza ya zama gari. Auduga kuwa kamar takarda take ci, ta bar toka mai laushi. Auduga ba ta dace da wannan hula ba, don ba ta miƙewa ta koma, bayan ’yan kwanaki bakin hular ya saki.

Ki nemi zare matsakaicin kauri, wanda ake rubuta DK a takardar jikinsa. Dunƙule ɗaya mai giram 100 ya ishi hular babba, giram 50 ya ishi ta jariri har da saura. Idan ƙananan dunƙule ne a shagon, ki saye su gaba ɗaya rana ɗaya, ki duba lambar rini da ke jikin takardar ta zama iri ɗaya. Shuɗi da shuɗi sukan bambanta, a cikin shago ba za ki gani ba sai kin fito rana. Kuma don Allah kada ki fara da baƙi ko shuɗi mai duhu. Ba za ki ga idanun ba, balle da dare an ɗauke wuta. Ruwan toka, ruwan madara, rawaya, su ne na koyo.

Tsinke kuwa da milimita ake auna kaurinsa. Wannan zare yana son tsinke mai milimita 4 don jikin hula, da mai 3.5 don bakinta. In ɗaya kawai kika samu, ɗauki mai 4. Ki zaɓi masu tsawo, santimita 35, saboda idanu sama da ɗari za su zauna a kai. Muna yara da tsinken tsintsiya muka fara, wasu da wayar ƙafar keke da aka goge bakinta a dutse, to waɗannan na wasan koyon hannu ne, hula ba za ta fita da su yadda ake so ba. Sauran kayan: tef ɗin awo irin na tela, almakashi, allura mai faɗin kafa marar tsini wadda zaren zai shiga, da kwarashi guda, tsinken nan mai ƙugiya a baki, don ceton ido in ya suɓuce. Duk ana samunsu a layin masu kayan ɗinki na manyan kasuwanni, irin su Sabon Gari a Kano.

Hannu uku da za ki koya

Saƙar tsinke duk faɗinta ido biyu ce, sai hanyar ɗora su.

Ɗora ido. Ki ja zare daga dunƙule ki bar jela mai tsawo, ninki uku da rabi na faɗin abin da za ki saƙa. Ga hular babba mita biyu ke nan. A nan ki yi ƙullin zarge, ki zura tsinke, ki riƙe shi da hannun dama. Jelar tana hannun hagu. Ki naɗa ta a babban yatsanki na hagu ta yi zobe, ki cusa bakin tsinke cikin zoben daga ƙasa, ki ɗauki zaren da ke zuwa daga dunƙule ki zagaya bakin tsinken da shi, sannan ki ɗaga zoben da ke yatsanki ki tsallakar da shi ta kan bakin tsinke, ki zare yatsa, ki ja jelar a hankali. Ido ɗaya ya samu. Kada ki ja da ƙarfi. Ido ya riƙa zamewa a kan tsinke ba tare da kokawa ba, in ba haka ba bakin hular zai ɗaure goshi kamar igiya.

Saƙar gaba. Tsinke mai idanu yana hagu, wanda babu kome yana dama, zaren yana bayan aikin. Ki cusa na dama cikin ido na farko daga gaba, daga hagu zuwa dama, ya fita ta bayan na hagu. Ki zagaya shi da zare daga ƙasa zuwa sama, ki jawo sabon zoben ta cikin tsohon zuwa gabanki, ki sauke tsohon daga tsinken hagu. Abin da zai fito yana kama da harafin V.

Saƙar baya. Zaren yana gabanki. Ki cusa tsinken dama cikin idon daga dama zuwa hagu, ya tsaya a gaban na hagu. Ki ɗora zare ta samansa ki zagayo ta ƙasa, ki tura sabon zoben zuwa baya, ki sauke tsohon. Wannan yana barin ɗan ƙulli a kwance kamar ƙwayar gero.

Sirrin shi ne ido ɗaya ne mai fuska biyu: abin da yake V ta nan, ƙwayar gero ne ta can. Ranar da idonki ya fara gane wannan, kin daina saƙa da ka, kin fara karanta abin da ke hannunki.

Saƙar gwaji, wadda kowa yake son tsallakewa

Ɗora ido 28 a tsinke mai 4. Layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, har ki sami tsawon santimita 12. Ki shimfiɗa a kan tabarma ko tebur ba tare da kin ja ba, ki ɗora tef a tsakiya, ki ƙirga V nawa ne cikin santimita 10. Takardar zaren DK yawanci ido 22 take cewa. Amma takarda ba ta san hannunki ba. Wata hannunta a matse yake ta sami 24, wata a sake ta sami 19. Ki duba abin da bambancin yake jawowa: ido 112 a hannun mai 22 zai ba da hula santimita 51, a hannun mai 19 kuwa 59. Santimita takwas ke nan, kuma ita ce tazarar da ke tsakanin hula da marfin tulu.

In kin sami fiye da 22, ƙara girman tsinke. In ƙasa da haka, rage. Ko ki bar tsinken yadda yake ki yi lissafi da lambar da kika samu, duk ɗaya ne.

Yanzu awon kai. Tef ya bi ta tsakiyar goshi, ta saman kunnuwa, ya zagayo ta inda ƙeya ta fi tudu. Ki lura da fuskar tef ɗin, teloli da inci suka saba, mu da santimita muke aiki, inci ɗaya kuwa santimita biyu da rabi ne. Sabon jariri kansa yana wajen 35, ɗan shekara ɗaya wajen 46, ɗan shekara biyar 50 zuwa 52, babba 55 zuwa 59. Idan mace ce mai yawan gashi ko mai manyan kitso, a auna a kan kitson.

Hula dole ta fi kai ƙanƙanta, domin saƙa tana miƙewa kuma miƙewar ce take riƙe ta. Ga babba ki cire santimita 5, ga jariri 3 kawai. Mu ɗauki kai mai 57. A cire 5, saura 52. Ido 22 a santimita 10 yana nufin 2.2 a kowace santimita, 52 sau 2.2 ya ba da 114 da ’yan kai. Sai ki nemi lamba mafi kusa da take rabuwa gida takwas cif, wato 112, saboda gida takwas za mu raba ƙoƙon hular in an zo ragewa. Ki ƙara ido 2, ɗaya a kowane gefe, waɗanda ɗinki zai cinye. Abin ɗorawa: ido 114. Ki rubuta a takarda, kada ki ce za ki tuna.

Bakin hula

Da tsinke mai 3.5 ki ɗora ido 114. Ki ƙirga sau biyu. Ni nakan ɗaura ɗan zare mai wani launi bayan kowane ido 20, don in yaro ya kira ni ba sai na koma farko ba.

Layi na farko: gaba 2, baya 2, gaba 2, baya 2, har ƙarshe. Za ki ƙare da gaba 2. In ba ki ƙare da su ba, akwai kuskure a wani wuri, ki koma ki nemo shi yanzu tun layi ɗaya ne. Ki juya aikin. Layi na biyu: baya 2, gaba 2, ki ƙare da baya 2. Daga nan ba kya buƙatar ƙirga, abin da kika gani shi za ki yi, V a yi masa gaba, ƙwayar gero a yi mata baya. Wannan ita ce saƙa mai ja kamar roba.

Wuri ɗaya ne ake yawan tuntuɓe. Duk lokacin da za ki tashi daga gaba zuwa baya, sai kin kawo zaren gabanki ta tsakanin tsinkayen biyu, in za ki koma gaba ki mayar da shi ta nan. In kika manta, ko kika ɗora shi ta saman tsinke, ido zai ƙaru kuma rami zai fito. Wadda ta fara da 114 ta wayi gari da 121, wannan ne ya same ta.

Tsawon bakin ya danganta da irin hular. Marar naɗi, santimita 5 ya isa. Mai naɗi, 12, a ninka ta koma 6. Ni mai naɗi nake so, ko da ta fi cin zare da lokaci, domin kunne ne yake fara jin ɗari kuma ninki biyu yake samu. Mai fita sallar asuba ko ɗan acaɓa da ke tsaga iskar safiya zai gode miki.

Jiki, sannan ƙoƙo

Ki koma tsinke mai 4, wato ki saƙa layi na gaba da shi kawai, idanun su hau kansa. Layin fuska, wato na gefen da kika fara da gaba 2, wanda zai zama wajen hular, duk gaba, layin ciki duk baya. A nan babu tunani, ana hira ana yi. Mai naɗi ki yi santimita 7, jimla 19 daga inda kika fara. Marar naɗi ki yi 8, jimla 13. Ki tsaya bayan kin gama layin baya. In kina son ratsin wani launi nan ne wurinsa, a farkon layin fuska ake sauyawa, a bar jela santimita 10 daga kowane zare. Haka ma in zare ya ƙare, a gefe ake haɗa sabo, ba a tsakiyar layi ba, don ƙullin ya ɓuya cikin ɗinki.

Ragewa ita ce take mayar da wannan shimfiɗaɗɗen abu ya zama hula. Hannun da ake yi sauƙi gare shi: a cusa tsinke cikin ido biyu lokaci ɗaya a saƙa su gaba kamar ido ɗaya. Zan kira shi haɗe biyu.

Layin ragewa na farko: gaba 1 na gefe, sannan gaba 12 haɗe biyu, ki maimaita wannan sau takwas, ki rufe da gaba 1 na gefe. Saura ido 106. Layin ciki duk baya, babu ragi. Layin fuska na gaba: gaba 1, sannan gaba 11 haɗe biyu sau takwas, gaba 1. Saura 98. Haka za ki ci gaba, kowane layin fuska lambar tana sauka da ɗaya, idanu suna raguwa da takwas: 90, 82, 74, 66, 58, 50, 42, 34, 26, 18. A layin ƙarshe babu kome tsakani, gaba 1, haɗe biyu sau takwas, gaba 1, saura ido 10. Ƙoƙon zai ci wajen santimita 9, hular ta tsaya a 22 daga tsakiyar kai zuwa gindin kunne.

Bayan layi uku ko huɗu za ki ga layuka takwas sun fito suna murɗawa zuwa tsakiya. Su ne shaidarki. Kowane haɗe biyu dole ya hau kan na ƙasansa. In kika ga layin ya karkace, kin yi kuskuren ƙirga, kuma a nan ne kaɗai nake cewa a warware, don a tsakar kai kowa zai gani.

Ki yanke zaren ki bar jela santimita 70, ki zura a allura, ki bi ta cikin ido goman nan suna kan tsinke, ki zare tsinken, ki ja su tsuke. Ki sake zagayawa sau ɗaya don kada rami ya buɗe daga baya.

Ɗinkin baya

Mutane da yawa sukan juya hular su yi mata ɗinkin buhu, sai ta fito da tudu a ƙeya kamar tabo. Ga wanda ba ya nunawa. Ki ajiye gefunan biyu kusa da juna, fuska tana kallonki. Ki ɗan buɗe tsakanin ido na farko da na biyu, za ki ga ƙananan zare a kwance kamar matakan tsani. Ki ɗauki mataki ɗaya daga dama da allura, ɗaya daga hagu, dama, hagu. Bayan kamar biyar ki ja zaren a hankali, gefunan su haɗu, ɗinkin ya nutse. A nan idanun nan biyu da muka ƙara suke ɓacewa, gaba ɗaya na nan da gaba ɗaya na can su haɗu su zama gaba 2, bakin ya zagayo ba a san inda ya fara ba.

Ga mai naɗi, in ya rage santimita 7 ki kai ƙasa, ki juya hular ki ƙarasa ɗinkin ta ɗaya fuskar, domin wannan ɓangaren ne zai juyo waje. Jelolin da suka rage ki saƙala su da allura ta ciki, santimita 4 ko 5, sannan ki yanke. Kada ki yi ƙulli ki yanke a gindinsa, wanki biyu ya kwance.

In ido ya suɓuce kina tsakiyar aiki ya gangara ƙasa ya bar tsani, kada ki firgita. Ki kama shi da kwarashi ta fuska, ki jawo matakin da ke samansa ta cikinsa, ki jawo na gaba, har ki kai sama ki mayar da shi kan tsinke.

Tuntu ba dole ba ne, amma yara suna so. Ki yanka kwali biyu zagaye, faɗin santimita 8, ki huda tsakiya santimita 3. Ki haɗa su ki yi ta naɗa zare ta cikin ramin har ya kusa toshewa. Ki yanka ta gefe tsakanin kwalayen, ki zura zare mai ƙarfi tsakaninsu ki ɗaure tam, ki cire kwali, ki aske da almakashi ya yi ƙwallo. Rowar zare ita ke sa tuntu ya fito kamar kazar da ruwa ya doka.

Ta jariri

Da ita ma nake ba da shawarar a fara, don kwana biyu ta ƙare kuma kin sami abin kai wa barka. Kai 35, a cire 3, lissafi ya kai ga ido 72, da na gefe 74. Baki santimita 3, jiki 5, ragewa ta fara daga gaba 7 haɗe biyu, ta sauka har ido 10. Zaren ya zama mafi laushi da kika samu, ki goga a wuyanki ki ji. Kada a sa maɓalli, duwatsu ko igiyar ɗaurewa a haɓa. Jariri, musamman bakwaini, yana saurin rasa ɗumin jiki kuma hula tana taimaka masa, amma in ɗaki ya yi ɗumi ko an kwantar da shi barci a cire, ki faɗa wa mai jego haka in kin miƙa mata.

In kin saba, akwai tsinke mai zagaye, biyu ne haɗe da waya, mai santimita 40 shi ne na hula. Da shi babu idon gefe, babu ɗinki, jikin hular duk gaba ne. Sai dai wajen ƙoƙo idanun za su yi masa kaɗan, sai an koma gajerun tsinkaye huɗu ko biyar masu baki biyu.

Maganar sayarwa, tunda na san za a tambaya. Hular babba mai naɗi tana da ido kusan 8,000, kowanne da hannu. Mai keken saƙa za ta fitar da da yawa kafin ki gama ɗaya, ga ’yan gwanjo da tasu a tule a bakin titi. Wadda take son sana’a ta tara kuɗin keke. Tsinke na nishaɗi ne da kyauta, da kuma kan da hular kasuwa ba ta taɓa yi masa daidai ba.

Saura wanki. Ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi, sabulu kaɗan, a matsa da tafin hannu, kada a cuɗa kuma kada a murɗe. A naɗe cikin tawul a danne ruwan, a shimfiɗa a inuwa. In aka rataya a igiya nauyin ruwa zai ja ta ta zama zungureriya. Akirilik ba ya son dutsen guga, kuma yaron da ke sanye da ita kada ya kusanci wutar jin ɗumi, narkewa take yi ta manne. Ulu na gaskiya kuwa ruwan zafi da cuɗa ne maƙiyansa, gashin yana cakuɗewa ya tsuke, kuma ba ya dawowa. Da gangan ma ake yin haka a Tunisiya: jar darar da suke yi, wadda ake kawowa har Nijar da Nijeriya, mata ne suke fara saƙa ta da farin ulu ƙatuwa sakwaf, sannan a yi ta bugunta cikin ruwan zafi da sabulu har ta tsuke idanun saƙar su ɓace, kafin a rina ta a ɗora a kan abin da zai ba ta siffar kai. In taki ta ulu ce, ki ɓoye ta daga mai wankin gidan, ki wanke da kanki.